Bencin baya ne ma'aunin kwaya

Koyar da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, a wata majami'a cikin Jos ya sauya mini yadda nake sauraron waƙa. Idan muna rerawa ranar Lahadi, kunnena yana bencin baya, inda tsofaffi da masu goyo suke zama. In can ya yi tsit, to ko muryoyin kwaya huɗu, sopurano da alto da tena da bes, sun zauna daram, aikin bai yi ba.

Abin da ya fi rufe bakin jama'a shi ne tsayin murya. Yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi karinsu na Turai ne, sun zo da 'yan mishan, na ƙungiyar SIM da suka iso Najeriya a 1893 da na ƙungiyar SUM da suka sauka Wase a 1904, kuma da solfa muke koyonsu, do re mi. Yarinya 'yar kwaya da ta sha gwaji ranar Asabar za ta haura do na sama ba wahala. Amma ka tuna Jos tudu ce mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sujadar farko da sassafe ake yi. A watan Janairu, hunturu na kaɗawa, dattijo ya shigo da hular sanyi, maƙogwaro bai buɗe ba, sai ka ɗauko masa waƙa daga can sama. Zai gwada baitin farko, a na biyu ya riƙe littafi yana bi da ido kawai. Sauke murya da mataki ɗaya ko biyu kan dawo da rabin ɗakin cikin waƙar. Mai kaɗa fiyano yakan yi gunaguni, wai waƙar ta rasa armashi. Ni dai gara ta rasa armashi da ta rasa masu ita.

Inda na fi ƙaruwa kuwa wajen Zumuntar Mata ne, ƙungiyar matan ikilisiya. Ba su da takardar solfa, ba su da mai ɗaga musu hannu. Mace ɗaya ta rungume tulu tana buga bakinsa da soso, yana ba da wannan amo mai zurfi da kake ji har a ƙirji, wata na girgiza kacau-kacau, wata na buga kuge. Mai ba da waƙa ta jefa layi, saura su karɓa. Amshin gajere ne, kafin a zagayo sau uku yaron da ke bakin ƙofa ya riga ya kama. Da haka za su kwashe labarin Yusufu da 'yan'uwansa ko na budurwai goma tun daga farko har ƙarshe, wanda bai iya karatu ba ya tafi gida da shi a ka. Kuma karin nasu yana bin hawa da saukar maganar Hausa, shi ya sa kowace kalma take fita sarai, saɓanin wasu waƙoƙin littafi da karin baƙi yake lanƙwasa kalma har sai ka duba rubutu kafin ka gane.

Na taɓa tambayar shugabarsu yadda suke zaɓen waƙa. Ta ce, "Ɗana, in ba za ka iya rera ta kana wanke-wanke ba, ba ta shiga gida ba tukuna." Na ce, "Mama, to ai mu namu sai da muryoyi huɗu." Dariya kawai ta yi ta ci gaba da ɗaure ɗankwalinta.

Batun harshe ma ba ƙarami ba ne a garin da ikilisiyoyin ECWA da COCIN duk suke da hedkwata. A benci ɗaya za ka tarar da Berom da Ngas da Tarok da Mwaghavul da Irigwe, kuma Hausa ce ta daɗe tana haɗa su a sujada, tun ma kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Matasa yanzu suna kawo waƙoƙin Turanci daga YouTube, wasu masu daɗi ƙwarai. Ban hana ba. Sharaɗina ɗaya ne: a koya wa ikilisiya amshin kafin a fara, ko da minti uku ne. Kolosiyawa 3:16 cewa ta yi mu koya wa juna da zabura da waƙoƙi, kuma "juna" ɗin ya haɗa da wanda bai taɓa zuwa gwaji ba.

Lasifika kuma, in ta yi ƙara har mutum bai jin muryar maƙwabcinsa, shi ma sai ya yi shiru.

A jana'iza ake ganin abin da kwaya ta shuka. Bakin kabari ba janareta, ba fiyano, littattafai ba sa isa kowa. Wani dattijo zai ɗauko waƙa, kuma wadda jama'a suka saba rerawa da bakinsu ce kaɗai take tashi. Saboda haka nake ware wa tsofaffin waƙoƙi wuri kowace Lahadi, ko da 'yan kwaya sun gaji da su. Har yanzu muna jayayya da matasanmu a kan guda nawa ya kamata su zama. Su suna cewa ɗaya ta isa, ni ina kan biyu.