Bargon Haɗe-haɗe Daga Tsofaffin Zannuwan Gado: Mako Na Uku

'Yan uwa masu koyo, yau na gama haɗa layi bakwai cikin goma sha biyu, amma biyu daga ciki sai da na farke su da reza na sake.

Zannuwa huɗu nake aiki da su. Uku daga akwatin Inna na zaro su, tun na kayan ɗakinta, masu manyan furanni da wanki ya koɗar. Ɗaya kuma a gwanjon Ƙofar Wambai na samo. Kafin almakashi ya taɓa su na wanke, na goge, sannan na ɗaga kowanne a rana. Tsakiyar zani, inda ake kwanciya, ta sha jiki har haske na ratsa ta, don haka gefe-gefe kawai na yanka. Na gwanjon kuwa na ɗan ƙona bakinsa da ashana: auduga zalla toka take zama, shi kuma ya narke ya dunƙule, alamar akwai roba a ciki. Na ajiye shi don shafin baya.

Da kwali na yi ma'auni, inci 5 kowane gefe, na zana da alli na yanka ƙyalle 120. Goma a layi, layi 12. Ɗinki yana cin kwatan inci a kowane baki, kenan kowane ƙyalle zai koma inci huɗu da rabi, bargon kuma inci 45 a faɗi, 54 a tsawo.

To, a kan kwatan incin nan na sha wuya. Da ido nake aunawa, ina taka keken Butterfly ɗina ina hira. Da na zo haɗa layi na uku da na huɗu, sai ga ɗaya ya gaza da fiye da inci guda, kusurwoyi kowacce ta kama gabanta. Ɗan abin da nake ƙarawa bai fi kaurin tsinken ashana ba, amma mahaɗa tara ce a layi. Yanzu na manna salatif a farantin keken, daidai kwatan inci daga allura, bakin ƙyalle na bin sa. Guga kuma dannawa nake, ba na ja, domin tsohon yadi saurin miƙewa gare shi. Kabun layi ɗaya na kwantar dama, na gaba hagu, sai su shige juna a mahaɗa.

Da Baba ya ga na shimfiɗa su a tabarma, cewa ya yi ai lifidi nake ɗinkawa. Da gaskiyarsa: yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsaka, kamar na dawakin hawan sallah. Ni dai wani siririn tsohon bargo zan sa a tsakiyar, in riƙe su da fil kafin in bi da allurar hannu. Saura layi biyar, ina so in kammala kafin hunturu ya kankama.