Batirin da ke da tankuna biyu

Wallahi jiya wani bidiyo kan batirin ruwa ya hana ni barci, ba irin na waya ba ne fa, manyan tankuna biyu ne cike da ruwan vanadiyam, wato ruwan da aka narkar da sinadarin wani ƙarfe a ciki, famfo na tura ruwan ya bi ta gefen wani siririn shamaki, a nan wutar ke shiga ko ta fita. In kana son ajiye wuta da yawa sai ka ƙara girman tankin kawai, wannan ya burge ni matuƙa. A Dalian ta ƙasar Sin sun jona ɗaya da babban layin lantarki a 2022, megawat 100 har tsawon awa 4, ga shi ba ya kamawa da wuta kamar batirin litiyam irin na waya, sai dai cin fili.