Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Albashin Malamai

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda muka kwashe kayan maigidana daga shagon ƙofar gida, muka shimfiɗa tabarmi, muka fara makarantar yara masu larurar autism, wadda ake kira galahanga, da yara huɗu har da ɗana Abba. Na yi niyyar yau in ba ku labarin takardar rajista, to amma shekaranjiya babbar malamata ta shigo ta durƙusa ta ce, "Anti, an sa rana, kuma a Kaduna zan zauna." Na yi mata murna har zuciyata, na sa mata albarka. Amma tun da ta fita ban iya tunanin komai ba sai malamai. Rajista ta jira wani makon.

Kun san maganar Inna, Allah ya jiƙanta, don na sha kawo ta: "Bebe ma uwarsa na jin maganarsa." Ranar da ta fara gaya min, Abba na da shekara uku, yana kwance a tsakar gida ya toshe kunnuwa yana buga ƙeya da siminti. Gwaggo na tsaye tana cewa a ɗauko garwashi a yi masa hayaƙi, ni kuma ina kuka. Inna ko motsi ba ta yi ba daga kan tabarmarta. Ta ce, "'Yar nan, share hawayenki ki saurara, magana yake miki." Na yi shiru na saurara. Ashe injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar. Ana kashe shi yaro ya tashi ya koma kan murafun kwalbarsa yana jera su.

To uwa tana ji, domin dare da rana tana tare da ɗanta. Yaya za a yi yarinya 'yar shekara ashirin da biyu, wadda ba ta haife shi ba, ba ta taɓa ganin irinsa ba, ita ma ta ji? Wannan shi ne aikin da ya ci rabin rayuwata, kuma shi ne wanda ba wanda yake son biya.

Da farko na ɗauka zan samu ƙwararru a shirye. Ƙasar nan tana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman a garin Oyo tun 1977, ga sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero, ga na Jos. Na samu mutum biyu masu irin wannan takarda, masu ilimi da ladabi, amma abin da suka fi ƙwarewa a kai shi ne koyar da kurame da makafi, maganar hannu da rubutun makafi, irin aikin da ake yi a makarantar Tudun Maliki. Yaron da yake ji sarai amma ba ya waiwayowa in an kira sunansa, wannan sabon abu ne a gurinsu. Kuma gaskiya ba ni da abin biyansu. Sai na koma unguwa. Na ɗauki 'yan mata masu NCE da ke zaune a gida, da wata bazawara da ke koyar da ƙananan yara a Islamiyya, ba ta da takardar boko ko ɗaya. Ita ce daga baya ta fi kowa.

Asabar da safe muke zama, daga takwas zuwa azahar, ina dafa musu shayi. Abu na farko da nake karɓewa daga hannun sabuwar malama shi ne bulala. Ba ta itace kaɗai ba, har ta baki. Dukkanmu da tsawa aka koyar da mu, hannu yakan tashi kafin tunani ya zo. Nakan ce musu yaron da ya kwanta yana ihu ba taurin kai yake ba, wani abu ne ya fi ƙarfinsa: ƙarar janareto, ko lasifikar mai tallan magani, ko ƙaiƙayin wuyan riga, ko an sauya masa wurin zama ba a gaya masa ba. Duka ba ya cire ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na biyu, ƙirga. In kin ce "zauna", ki rufe bakinki ki ƙirga goma a zuci. Kada ki ce "zauna mana, ba ka ji ne, zo nan ka zauna na ce." Kalma ɗaya ya kama yana juya ta, kin ƙara masa goma sha ɗaya. Wannan shirun na ƙirga goma ya fi komai yi wa malamai wuya, wata sai ta yi wata biyu kafin ya zauna mata.

Na uku, littafi. Kowace malama da ƙaramin littafinta a aljihun hijabi. In yaro ya yi cizo ko ya gudu ko ya fashe da kuka, ta rubuta abu uku: me ya faru kafin nan, me ya yi, me aka yi masa bayan nan. Ranar Asabar mu baje littattafan. A nan ne muka gano wani yaro ba ya cizo sai ranar Litinin da Alhamis, ashe ranakun ne mahaifiyarsa ke azumi, ba ta dafa taliyar da ita kaɗai yake ci da safe, da yunwa yake zuwa. Mako uku bazawarar nan tana rubutu kafin ta kamo shi. Da ta faɗa, sai da na tuna Inna har idona ya kawo ruwa.

Sai katunan hoto. Hanya ce da aka ƙirƙiro a Amurka a 1985, yaron da ba ya magana ya miƙa hoton abin da yake so a ba shi abin nan take. Hotunan da na fara samu a intanet na kayan gidan Turawa ne, yaranmu ba su gane su ba. Sai muka ɗauki namu da waya: kofin silba, buta, biredi, kwanon taliya, ƙofar banɗakinmu. Aka wanke mana, aka liƙe da leda. Akwai yaro da ya haddace daga Nasi har Sabbi da muryar mai karatun da yake ji a rediyo, bai kuskure wasali ko ɗaya, amma ba ya iya cewa yana jin fitsari. Wata biyar malamarsa tana kama hannunsa tana ɗora shi a kan katin buta. Ranar da ya ɗauko da kansa ya miƙa mata, wannan malamar da za ta yi aure ce, ta fito tsakar gida da gudu tana "Anti! Anti!" ta kasa ƙarasawa.

Akwai kuma abin da sai an wanke daga zuciyar malama kanta. Kusan kowacce da tsoro take zuwa. An gaya mata a gida yaran nan shafar aljanu ce, ko an yi musanyarsu, kada ta yarda ta yi ciki tana kallonsu. Ni ban hana addu'a ba, da ita muke buɗewa da ita muke rufewa. Amma nakan gaya musu tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu irin wannan hali, kuma a kowace ƙasa akwai su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari, maza sun fi yawa. Wasu iyayen kuma allurar rigakafi suke zargi, kun san abin da garin nan na Kano ya shiga a 2003 kan rigakafin shan inna, tabon bai gama warkewa ba. Sai in ba malamai amsar da za su bayar: likitan Ingila da ya fara yaɗa wannan zargi a 1998, mujallar da ta buga masa ta janye rubutun a 2010, aka kuma hana shi aikin likita. Kalmar galahanga da ake ji a rediyo ma ba na so a kira ɗalibina da ita a gabansa. Yana da suna, kuma yana ji.

Duk wannan na zuba a cikin mutum biyar. Naira dubu goma sha biyu nake ba kowacce, ko mafi ƙarancin albashi na lokacin, dubu goma sha takwas, ban kai ba. Ƙarshen 2016 aka fara N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ɗaukar matasa aiki, dubu talatin a wata. Uku suka tafi cikin wata ɗaya. Wallahi ban riƙe su a zuciya ba, ɗaya marainiya ce da ƙanne huɗu. Amma yaran ba su san N-Power ba. Wata yarinya ta yi kwana goma sha ɗaya tana tsaye a bakin ƙofa da katin da ke ɗauke da hoton malamarta.

Wannan ne ya sa na yarda aka shirya gidauniya. Muka sa ta 2 ga Afrilu, 2017, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin masu wannan larura tun 2008, ta faɗo Lahadi. Na sayar da 'yan kunnena na gwal, waɗanda Inna ta ba ni, na kama rumfa da kujeru da lemo. Babban baƙo wani Alhaji ne da ku 'yan uwa kun san shi, ba sai na kama suna ba. Ya karɓi lasifika ya ce ya ba da Naira miliyan ɗaya. Mata suka yi guɗa. Malamaina biyu da suka rage suka rungume juna. A daren na zauna da biro na raba miliyan ɗin nan: albashin mutum biyar, dubu ashirin ashirin, wata goma cif.

Sau bakwai na je ofishinsa. Na bakwai ne aka shigar da ni. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, kan alkawarin nan ne na malamai." Ya ce, "Hajiya, ni gini nake yi. Ki samo fili in ɗora miki aji biyu a sa sunan mahaifina. Albashi ai zuba ruwa ne a kwando, yau kin biya gobe babu." Na ce, "Allah ya ƙara arziki, yaran nan ba bango ne zai koya musu neman buta ba." Ya yi murmushi ya ce zai duba. Bayan mako biyu aka aiko da buhun shinkafa goma da mai ɗaukar hoto, aka ce in jera yaran a gaba. Na karɓi shinkafar don akwai mabukata a cikin iyaye, amma na ce ba za a jera min yara ba. Walƙiyar kyamara kaɗai ta isa ta ɓata wa uku daga cikinsu yini guda.

Ruwa a kwando. Har yau in ina ƙirga albashi a ƙarshen wata sai kalmar nan ta dawo min. Wata biyar na katin buta shi ne ruwa a kwando? Uwar yaron nan ta daina wankin katifa kullum safiya, ta koma sana'arta ta ɗinki. A je a tambaye ta.

Waɗanda suka riƙe makarantar nan ba a taɓa ba su lasifika ba. Matan adashin Yaya ne suka fara: su goma sha biyar, kowacce dubu ɗaya a wata, suka ce sun ɗauki malama ɗaya, kuma suna son su san ta. Sai na kai musu ita suka ganta. Daga nan na gane hanyar. Na daina cewa a taimaki makaranta, na koma cewa ga malama wance, tana riƙe da yara uku, ga abin da ta koya musu a wannan zangon. Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya ɗauki ɗaya shi kaɗai, sharaɗinsa kada a faɗa, har yau ban faɗa ba. Mahaifin wani ɗalibi, ɗan adaidaita sahu, ba shi da kuɗin makaranta, sai ya ɗauki kawo yara huɗu da mayar da su. Da masu zakka suka yi shakka, na je wurin Malam na masallacinmu, ya karanto min aya ta 60 a Suratut Tauba, kashi takwas ɗin nan, ya ce a ba iyayen da suke fakirai da miskinai a hannunsu, su kuma su biya wa 'ya'yansu. Haka muke yi.

Na tsallake shekaru, na sani. Lokacin kullen korona a 2020 ban sallami kowa ba, rabin albashi muka raba, malamai suna kiran iyaye mata a waya suna koya musu ƙirga goma. Wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 da tashin man fetur bayanta sun kusa rufe mu. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, na kai wa Gwaggo labari, ta ce to, doka za ta sa ya yi magana ne? Ita dai har ta koma ga Allah ba ta yarda makaranta nake yi ba, raino take cewa. Na yafe mata. Alhaji ne har yanzu nake roƙon Allah ya sanyaya min zuciya a kansa, don 'yan kunnen Inna a kan maganarsa suka tafi.

Yanzu saura mako shida biki. Amarya ta roƙe ni in bar mata kwafin katunan ta tafi da su Kaduna, ta ce a dangin mijin akwai yaron da ake ɗaure wa ƙafa a ɗaki. Na ce ta ɗauka har da littattafanta na shekarun baya in ta gama karanta wa wadda za ta gaje ta. Akwai abubuwan da ba su cikin littafi: ita kaɗai ta san bambancin gurnanin da ɗalibinta yake yi in yana jin daɗi da wanda yake yi in farfaɗiya na shirin kama shi. Na samu wata yarinya 'yar Gwale, za ta fara zuwa Asabar ɗin nan ta zauna kusa da ita. Matan adashi sun ce za su ci gaba da biya, amma sai na kai musu sabuwar sun ganta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar rajista.