Asabar a Leith, na je neman tukunya

Yau dai sai da na kai ƙarfe goma a kwance, sanyin Edinburgh ba ya barin mutum ya yi sammako. Abokin zamana ne ya tashe ni, wai malam tashi mu je gwanjo, kai da kake ta kukan tukunyarka ta ƙone. Muka hau taram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, muka sauka a titin Leith Walk, muka ɗan taka muka shiga layin Dalmeny. Ni ina zaton fili za mu tarar irin na kasuwa, sai ga wani tsohon gini, ciki zaure ne makeke, rufi can sama da ƙarafuna da gilasai haske na saukowa, tebura cike da tsofaffin kofuna da faya-fayai da rigunan sanyi, gefe guda ana sayar da shayi.

Tukunyar na samu, har da murfi. Muna zaune da shayi na ce wai wannan wuri da can sito ne ko me? Wata dattijuwa a teburinmu ta ce a'a, zauren fareti ne na sojojin sa-kai.

Ashe tun 1859 aka fara abin a Birtaniya, lokacin suna tsoron kada Faransa ta kawo musu hari, sai garuruwa suka shiga kafa rundunonin sa-kai. Ba sojan bariki ba ne, mutum da sana'arsa, lebura a tashar jirgin ruwa ko akawu ko ɗan tireda, in an tashi aiki da yamma ya sa kaki ya zo a yi lef-rai, a koyi riƙe bindiga. Ƙasar da ruwa ba ya sallama kafin ya sauko dole a nemi rufi, shi ya sa gari-gari za ka ga irin wannan zaure. Na Leith an gama shi a 1901, a 1908 da aka yi wa rundunonin garambawul ya zama hedikwatar bataliya ta 7 ta rundunar Royal Scots.

Daga nan shayina ya huce ban sani ba. Ranar 22 ga Mayu 1915 rabin bataliyar, wajen mutum 500, suka hau jirgin ƙasa daga Larbert za su Liverpool, daga can a kwashe su zuwa fagen daga a Gallipoli da ke Turkiyya, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da sassafe a Quintinshill kusa da Gretna jirginsu ya afka wa wani jirgi da aka tsayar a kan layinsu. Abin da ya fi tsaya min a rai, ɗan siginar (mai ba jiragen ƙasa hannu) da ya ba su hanya a cikin wannan jirgin da ke tsaye ya zo aiki, yanzun nan ya sauka daga cikinsa, amma ya manta da shi, hankalinsa na kan cike littafin aiki don kada a gane shi da ɗan siginar da ya karɓa sun yi canjin aiki a makare. Kamar minti ɗaya tsakani sai ga jirgin da ya taso daga Landan a guje ya haye kan tarkacen. Taragun sojojin na katako ne, fitilunsu na gas, wuta ta kama. Sama da mutum 200 suka mutu, galibi samarin Leith, har yau ba a yi hatsarin jirgin ƙasa da ya kai shi ba a Birtaniya. Takardar sunayensu ma ta ƙone. 'Yan siginar biyu an yanke musu ɗauri, ɗaya shekara 3 ɗaya wata 18.

To gawarwakin nan zauren aka kawo su. Nan, inda nake zaune rungume da tukunya a leda. Na kalli daɓen, wata yarinya tana gudu da balan-balan, wani yana ciniki kan fitilar tebur. Iyaye a ƙofar nan suka tsaya jira, alhali yaran ko ƙasar ba su bari ba balle su ga abokin gaba. Ranar 24 ga wata aka ɗauke su daga nan zuwa maƙabartar Rosebank aka binne da yawansu a kabari ɗaya.

Na ce wa abokina mu je mu gani, ya ce kai dai da neman magana, amma ya biyo ni. Ba nisa, ta layin Pilrig. Dogon dutse mai kuros, bayansa alluna cike da sunaye, sunan gida ɗaya ya fito ya sake fitowa. Mun yi shiru kawai, yayyafi ya fara muka juyo.

Ginin yanzu yana hannun wata ƙungiyar masu fasaha, Out of the Blue, masu zane da masu sana'ar hannu sun kama ɗakuna a ciki. Da farko na ji wani iri, a ce ana cinikin gwanjo a irin wannan wuri, amma a hanya na ga gara haka da a kulle shi tantabaru su gaje.

Na dawo na yi la'asar a makare, na wanke tukunyar na ɗora shinkafa da wake. Murfin bai zauna daidai ba ashe, sai da na danne shi da kofi.