Ba ƙwayar cuta kaɗai ke kisa a sefsis ba

Duk mai shiga motar haya a Legas ɗin nan ya san masu tallar magani, mutum zai miƙe tun daga Oshodi har Agege yana zuba kamar an kunna rediyo, wai maganinsa na ƙara garkuwar jiki, toh yanzu namu ma sun koya, a guruf ɗin WhatsApp na unguwa kullum sai an turo hoton wata kwalba. Ni aikin lab nake, jini nake kallo safe da yamma, shi ya sa maganar nan take ɗan ba ni haushi, don akwai ciwon da garkuwar jikin ce da kanta take kai mutum ƙasa. Sefsis kenan. Tun 2016 likitoci suka tsaya a kan cewa sefsis shi ne jiki ya mayar wa ƙwayar cuta martanin da ya wuce tsari har ƙoda ko huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa su fara gazawa. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, binciken da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta mutum miliyan 48.9 ne suka kamu a 2017, miliyan 11 suka rasu, kusan mutuwa ɗaya cikin biyar a duniya kenan, kuma yankinmu na Afirka kudu da Sahara yana cikin inda abin ya fi tsanani.

Ga yadda abin yake farawa. A cikin fata da huhu da hanta da saifa akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofej, suna zaune ne kawai suna jira, da ƙwayar cuta ta shigo sai su gane ta da wasu alamomi na jikinta, su haɗiye ta, sannan su saki sinadaran kiran agaji, saitokin, irin su TNF da IL-1 da IL-6. Su ne ke kawo zazzaɓi, su ne ke buɗa jijiyoyin jini su sa bangonsu ya ɗan yi sako-sako don nutrofil su samu hanyar fitowa, su kuma nutrofil su suka fi yawa a fararen ƙwayoyin jini, fiye da rabi, kuma ba sa wasa, suna cinye ƙwayar cuta su watsa mata guba su mutu a wurin, mugunyar da kake gani a maruru yawancinta gawarsu ce. A 2004 ma masu bincike a Balin suka gano cewa nutrofil yana iya fasa kansa ya watso zaren DNA ɗinsa kamar raga ya kama ƙwayoyin cuta. Idan a yatsa ɗaya duk wannan ya faru, lafiya lau, kumburi ne da zafi na kwana kaɗan.

Matsalar ita ce idan kiran agajin ya cika jiki gaba ɗaya. Kamar 'yan sintirin unguwa ne aka ce musu ɓarawo ya shigo, maimakon gida ɗaya sai suka bi layi layi suna fasa ƙofofi suna cinna wuta. Jijiyoyi duk su buɗe lokaci guda, awon jini ya faɗi warwas, ruwa ya riƙa tsiyayewa daga jijiya yana shiga huhu da tsoka, nutrofil ɗin su rikice su daina gane inda ciwon yake su je su maƙale a ƙananan jijiyoyin huhu da ƙoda suna zuba gubar a kan naman mai gida, ragar nan kuma ta riƙa tara gudan jini ƙanana ƙanana suna toshe hanya, har abin daskarar da jinin ya ƙare mutum ya koma zubar jini ta wurin allura. Wallahi ana ganinsa a gilashi. In na shafa jinin irin wannan mara lafiyar na sa a madubin likita, nutrofil lafiyayye cibiyarsa, wato ƙullin da ke tsakiyar ƙwayar, a rarrabe take gida uku ko huɗu, amma a nan sai ka ga masu cibiya lanƙwasasshiya guda ɗaya, yara ne da ɓargo ya turo ba su gama nuna ba saboda manyan sun ƙare, cikinsu cike da ɗige-ɗige masu duhu.

Sai ɓangare na biyu, wanda shi ne mutanenmu ba su sani ba sam. Garkuwar ba ta tsayawa a haukan, tana kuma durƙushewa, wani lokacin ma duka biyun a tare. Limfosait, wato masu riƙe tarihin cuta da tsara yaƙi na dogon zango, sai su riƙa kashe kansu da yawa, wani likita a Amurka, Richard Hotchkiss, ya nuna haka a 1999 da ya duba saifa da hanjin waɗanda sefsis ya kashe. Mutum ya tsallake kwanakin farko ana murna, sai wata ƙwayar da da lafiyarsa ba za ta iya masa komai ba ta zo ta same shi ba mai gadi.

Akwai wani ɗan dako daga kasuwar Mile 12 da aka kawo mana, ƙusar kwandon tumatir ce ta soke shi a ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, da zazzaɓi ya zo aka je kemis, kun san dai waƙar, malariya da taifot. Ranar da aka kawo shi yayansa yana ce min "Malam, ai zazzaɓin ma ya sauka tun jiya, rashin ƙarfi ne kawai, a ɗaura masa ruwa leda ɗaya mu tafi." Na taɓa hannun yaron sanyi ƙalau, yana haki, ana kiran sunansa yana amsa wani abu daban, kuma tun safe bai yi fitsari ba. Fararen ƙwayoyin jininsa da na ƙirga ƙasa suka yi, ba sama ba. Na ce masa Yaya, wannan saukar ba ta sauƙi ba ce, ka bar likita ya kwantar da shi. Ya rayu alhamdulillah, amma sai da aka yi masa wankin ƙoda.

Wannan fuska biyun ce ta sa har yau babu wani magani guda da ke gyara garkuwar mai sefsis. A shekarun 1990 an gwada magungunan toshe TNF, ba su ba da abin da aka sa rai ba. Kamfanin Eli Lilly ya fito da wani maganin sefsis mai suna Xigris a 2001, a 2011 ya janye shi daga kasuwa don gwaji ya nuna ba ya rage mutuwa. Mutum biyu na iya kwanciya gado kusa da gado da cuta iri ɗaya, ɗaya garkuwarsa na buƙatar a lallashe ta, ɗayan a tashe ta, ka ba su abu ɗaya dole ka cuci wani. Masana a Okusfod sun nuna haka a 2016 da suka duba jinin masu sefsis na ciwon huhu suka ga sun kasu gida biyu, kuma gidan da garkuwarsu ta kwanta sun fi mutuwa. Toh in manyan kamfanoni da kuɗinsu sun kasa, ina ga kwalbar mai talla a cikin danfo.

Abin da ke aiki dai tsohon abu ne, antibayotik ɗin da ya dace da wuri, a ɗebi jini don shuka, wato gwajin gano irin ƙwayar cutar, kafin a fara in da hali, a cire mugunya ko mataccen nama, ruwa da iskar oksijin a hannun wanda ya san awonsu. Ruwan ma ba a yi masa gaba gaɗi, gwajin FEAST na 2011 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya ya nuna ɗura wa yara masu zazzaɓi mai tsanani ruwa da sauri ya ƙara mutuwa ne, shi ya sa ɗaura ruwa a ɗaki ko bayan kemis yake ba ni tsoro.

Babba mai ciwo a jiki in numfashinsa ya kai 22 a minti ɗaya, ko lambar sama ta awon jininsa ta sauko 100 ko ƙasa, ko ya fara sambatu, biyu cikin ukun nan sun isa a nemi mota, kar a ce sai gosulo ya ragu. Jariri da ya ƙi kama nono, da mai jego da zazzaɓi ya rufe bayan haihuwa, da tsoho mai ciwon suga, su ba a ma jira a ƙirga. Haka masu sikila, don saifarsu takan lalace tun suna ƙanana, kuma makrofej ɗin cikinta ne ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, zazzaɓin yaro mai sikila na asibiti ne a ranar, ko LUTH ne a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja ko janar ɗin da ya fi kusa da ku.