Kwandon igiya, lalo da goruba: yadda na saba da Alkahira

Jiya da la'asar muna zaune tsakar gida nan Badariya, Inna na tsintar shinkafa ni kuma ina ma ƙanwata tsifa, sai ga maƙwabciyarmu ta yi sallama ita da ɗiyarta amarya. Watan gobe yarinyar zata bi mijinta Misra, shima karatu ya kai shi kamar maigidana, to da suka ji na zo Birnin Kebbi hutu shine suka zo in faɗa musu abinda ake sawa a akwati. Na lissafo musu daddawa, kuka, yaji, garin danwake, manja in an samu mai iya ɗaure shi da kyau, da rigunan sanyi masu kauri. Uwar nata ta yi ta godiya. Sai da suka shiga ɗaki da Inna sannan yarinyar ta matso kusa dani, murya ƙasa-ƙasa tace "Anti, ke ya kika yi da kewa?" Wallahi na rasa amsar da zan bata a lokacin, nace mata dai ana sabawa. Da dare na kasa bacci ina jin ban kyauta mata ba, shi yasa na ɗauko waya nake wannan rubutun.

A Disambar 2022 muka tashi daga Kano, ni da yarona yana shekara biyu, maigida ya riga mu tafiya da wata shida don ya fara karatu a jami'ar Azhar ya kuma kama mana gida. Gidan yana Hayyul Ashir cikin Madinat Nasr a Alkahira, unguwar da ɗaliban Afirka da na Indonusiya da Malesiya suka fi zama, hawa na biyar kuma babu lif. Abu na farko da ya fara karɓata sanyi ne. Ni da na tashi a garin da watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40 mutane na kwana waje, ina ganin ai na san hunturu, ashe nasu daban ne, sanyi ne mai shiga ƙashi, ƙasan ɗaki duk tayil, bango kamar an jiƙa shi, da dare ya sauka ƙasa da digiri 10 kuma babu abin ɗumama ɗaki. Suna da wani wata a tsohuwar kalandarsu ta Kibɗawa da suke kira Ɗuba, yana kamawa cikin Janairu, in kaji Bamisre yace sanyin Ɗuba to ka nemi bargo na biyu.

Wata uku na farko kusan ban san garin ba. Maigida ya fita da safe sai yamma, ni da yaro a sama, in leƙa ta baranda in ga motoci da mutane kamar tururuwa, gari mai mutum sama da miliyan 20 amma babu ko ɗaya da zai ce mun ina kwana. Nan fa na gane darajar gidanmu, inda kafin ka gama karin kumallo mutum biyar sun shigo, wannan aron turmi wannan ɗiban wuta wannan gaisuwa kawai. Can ƙofa a rufe take da makulli. Kullum ina kan WhatsApp ina lissafin lokaci, awa ɗaya suka fi mu, da suka dawo da sauyin agogon bazara a 2023 ya koma awa biyu, in kira Inna ita kuma tambayarta ɗaya ce kullum, "ɗiyata mi kic ci yau?" In ce mata tuwo, ko da shayi da burodi na wuni, don kar hankalinta ya tashi.

Sai maganar yare, wadda ita ta fi ci mun rai. Na yi Islamiyya tun ina ƙarama, na yi nahawu daidai gwargwado, ina zaton larabci ba zai ban wahala ba. Ranar farko da na shiga shago na nemi ruwa da burodi da larabcin littafi mai shagon ya tsaya yana kallona, ya gane amma shi da ya buɗe baki ban tsinci komai ba. Ruwa "mayya" ne, burodi "aish", harafin jimun sun maida shi "ga", harafin ƙaf kuma sun haɗiye shi gaba ɗaya. Na koma gida na zauna na yi kuka sosai, ba don burodin ba, don ji nayi kamar an kwance mun abu ɗaya da na taho dashi ina taƙama. Ga kuma yara a hanya wani lokacin su bi ka da "samara" ko "shokolata" saboda baƙar fata, ba kowa ba kam, amma yana faruwa kuma yana da ciwo, bazan ɓoye ma duk wadda zata je ba.

Kwando ne ya fara fitar dani daga wannan halin. A can matan da ke benaye suna da kwando da doguwar igiya, "sabat" suke ce masa, mace ta tsaya baranda ta ƙwala ma mai kayan miya kira, ta zuro kwandon da kuɗi a ciki, ya zuba mata tumatir da albasa da canji ta janye abinta. Na daɗe ina kallon wata dattijuwa da barandarta ke manne da tamu tana haka. Wata rana gas ɗinmu ya ƙare ina tsaka da girki, ga mai gas can ƙasa yana bugun tukunyar da sifana ƙwal-ƙwal-ƙwal yadda suke yi don a san sun zo, ni kuma ban san me zan ce masa ba, hannu kawai nake ɗagawa. Matar nan ta kalle ni ta kalli ƙasa, sai ta buɗe murya ta kira shi, ta faɗa masa hawa na biyar, ta kuma nuna mun da yatsu nawa zan bashi kar ya ƙara mun ko sisi. Washegari ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwano a hannu. Ina buɗe murfin naga miya koriya shar mai yauƙi, ƙamshin tafarnuwa na tashi, na ɗanɗana, wallahi lalo ne! Lalon da muke tsinka a bayan gida da damina, su "mulukiyya" suke ce masa kuma abincin girma ne a wurinsu, da kaza ko zomo suke ci. Na rinƙa ce mata muna da shi a garinmu, da larabcina na Islamiyya da hannu da ido, tana dariya tana dafa kafaɗata tana cewa "ya binti".

Daga ranar na fara kallon kasuwa da wani ido. Ashe rabin abinda nake kewa yana nan, suna ne ya canza. Kuɓewa "bamiya", soɓo "karkade", tsamiya "tamar hindi", abinda ya fi bani mamaki goruba, wadda mu yara ke gwaguya a hanyar makaranta, su jiƙa ta suke su yi abin sha mai sanyi, "dom", da azumi har layi ake. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, in ka ce zaka yi dafa-duka da ita zata caɓe, amma tuwo fa? Ni 'yar Kebbi ce, cikin shinkafar fadama na tashi, bana yabon shinkafar kowa da wasa, amma tasu tana tuƙuwa sumul ko ba'a sha wahala ba. Ranar da na yi tuwon shinkafa da miyar lalo da daddawar da Inna ta ɗaure mun a leda uku na kai ma dattijuwar nan, ta ci tuwon, daddawar ce dai sai a hankali, ta tambaye ni menene wannan mai ƙarfin wari haka, na kasa fassara mata ɗorawa.

Ita ta koya mun fita. Ta ce in dai zan zauna sama ina jiran miji ya kawo komai to shekara goma ma baƙuwa zan kasance. Ta koya mun hawa ƙananan bas ɗinsu, yadda ake miƙa kuɗin mota daga hannu zuwa hannu har ya kai ga direba canji ya dawo ta hanya ɗaya ba wanda zai taɓa, da abinda zaka ce in zaka sauka, "ala gamb ya usɗa". Sai jirgin ƙasan cikin gari, metro, wanda tun 1987 suke da shi, na farko a Afirka, akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgin kuma nan na fi samun natsuwa, mata na ta hira, masu talla na zagayawa da safa da ɗankunne, in da yaro a hannunka wata zata ja shi ta ɗora a cinya ba tare da ta tambaya ba, sak motar Argungu. Ranar da na je kasuwar Ataba ni kaɗai na sayo bargo na dawo ban ɓata ba ban kira kowa ba, ina hawa benen nan ina jin kamar an ƙara mun tsawo.

Akwai rana guda da bazan manta ba. Bayan yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 mutanensu suka yi ta shigowa Alkahira, unguwarmu ta cika, kuɗin haya ya tashi, dillalin da ya sama mana gida ma ya so ya yi mana wayo sai da mai gadin benenmu ya sa baki. Amma shagunan Sudaniyawa suka ƙaru, kuma a nan ake samun busasshiyar kuɓewa dakakkiya, "weka" suke kiranta. Ina cikin shagon yarona ya ja wani abu zai faɗo nace masa kai bari, zo nan. Sai naji murya a bayana, "yarinya, ke Bahausa ce?" Na juya, tsohuwa ce cikin lafaya irin tasu, bata taɓa taka Najeriya ba, amma Hausa a bakinta tsaf, irin ta tsofaffi. Tace kakanninta na cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, suka zauna Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Da nace mata daga ƙasar Gwandu nake sai ta riƙe hannuna biyu ta ƙi saki. Ita yaƙi ya koro daga gidanta, ni karatun miji ya kawo, muka tsaya tsakanin buhunan wake muna gaisawa kamar a gidan biki, ina gajiya, ina mutanen gida, ya ƙarin haƙuri. Da na ba maigida labari yace ai tsohuwar hanya ce, tun Mansa Musa ya ratsa Alkahira a 1324 mutanenmu ke bin ta zuwa hajji, kuma a masallacin Azhar ɗin kansa an daɗe da ware ma ɗaliban Barno wurin zamansu. Tun daga nan in na shiga masallacin nan mai shekara sama da dubu bana jin kamar na shigo gidan wasu.

Wahala bata ƙare ba fa. Sabunta takardar zama na cin lokaci da haƙuri, kuɗi kuma sai addu'a, naira ta faɗi a 2023, fam ɗinsu shima a Maris 2024 ya tashi daga wajen 31 a dala ɗaya ya koma kusan 50, komai ya yi tsada a lokaci guda. Ranar Sallah har yanzu ita ce mafi nauyi, babu tuwon Sallah daga maƙwabta babu yara masu yawon barka da Sallah, sai dai mu 'yan Najeriya mu haɗu gidan wani a dafa abinci. Ina son wannan haɗuwar sosai, sai dai na ga matan da suka shekara huɗu iyakarsu gidajen 'yan uwa 'yan Najeriya, ko sunan mai kayan miyan layinsu basu sani ba, kuma su suka fi kowa kukan garin. Wannan nake ji ma amaryar nan tsoro, don yarinya ce mai kunya sosai.

Yanzu yarona larabcin Misra yake da abokansa kamar an haife shi can, har gyara mun yake. Nima ina da kwandona, shuɗi, dattijuwar ce ta ɗaura mun igiyar da hannunta. Makullin gidanmu ma yana wurinta tunda muka taho, tana ba shukokina ruwa, shekaranjiya ta turo saƙon murya tana tambayar yaushe zamu dawo wai benen ya yi shiru. Gobe in Allah ya kaimu zan shiga babbar kasuwa in sayo mata atamfa turmi ɗaya da ƙuli-ƙuli, daga nan in biya gidan su amarya, zan karɓi lambarta in kuma rubuta mata kalmomin da zata fara buƙata a takarda, mayya, aish, bikam (wato nawa ne), ala gamb.