Asabar, bayan suna

Wainar ta yi daɗi, miyar taushen ma ba laifi. Jaririya ta ci sunan Hajiya. Tela kuwa ya kawo ankon tun daren jiya, abin da har yanzu nake mamaki.

Amma ga shi dare ya raba, barci ya ƙi zuwa, duk saboda Goggo.

Bayan azahar aka shimfiɗa wa yara tabarma, aka zubo musu shinkafa a faranti ɗaya. Auta ta wanke hannu ta zauna cikin 'yan uwanta. Sai na ji Goggo daga bakin ƙofa: "Ke, ɗaga. A zuba mata nata daban." Yarinyar nan ba ta ce uffan ba, ta janye hannu ta cusa cikin hijabi, don ta san farin da ke yatsunta da gefen bakinta ake nufi.

Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ai ba a ɗauka."

Ta ce, "Ke yaushe aka haife ki? Albaras da kuturta ai gidansu ɗaya. Kuma na sha gaya miki ki daina haɗa mata kifi da nono."

A gaban mutane ne, sai na haɗiye. Amma ai ranar da muka je asibiti ina zaune likitan fata ya duba yarinyar nan. Ya sa ta rufe ido, ya riƙa goga mata auduga a wurin, duk inda ya taɓa ta nuna. Ya ce tabon kuturta ba ya jin taɓi, kuma dusashewa yake yi, ba ya yin fari tas irin wannan. Ita kuturtar ma magani gare ta, kyauta ake bayarwa, wata 6 ko 12, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Ya kankari wurin ko zai yi gari-gari irin na ƙyasfi, wanda zafi da gumi ke tayarwa a ƙirji da baya, bai yi ba. Nata, garkuwar jikinta ce ke kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Babu ruwan kifi, babu ruwan nono, ba sammu ba ne, kuma ko cokali ɗaya aka yi shekara ana sha da ita ba wanda zai kwasa.

Man da ya rubuta mana sai an yi watanni ana shafawa kafin a ga wani abu. Na gefen bakin ya fara ɗigo-ɗigon baƙi daga gindin gashi, alamar launi na dawowa. Na yatsu ya ce shi ne mai taurin kai, kada mu sa rai da wuri. Kullum da safe sai na shafa mata man kariya daga rana, don farin wurin saurin ƙonewa yake. Duk wannan Goggo ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, da na shiga ɗakin mai jego na tarar an yi mata caa a kan baƙin da ciki ya bar mata a kumatu da goshi. Kowa da sunan haɗin man da za ta saya. Wadda ta fi zaƙewa Anti ce, ita da saman kumatunta ya yi baƙi ƙirin, gaɓoɓin yatsu baƙaƙe, jijiyoyi kore shar a hannu, duk aikin bilicin na shekaru. Mayukan nan akwai masu sinadarin hydroquinone da in aka daɗe a kansa baƙin da yake bari ya fi na farko wuyar fita, akwai masu sitiroyid da ke sa fata ta yi siriri, wasu har da makuri mai taɓa ƙoda. Tun 2023 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta ce bilicin ya zama matsalar gaggawa a ƙasar nan. Ita dai Anti da ita aka ci a faranti ɗaya, har ana miƙa mata tsoka.

Na samu mai jego ita kaɗai na raɗa mata cewa irin wannan yakan ragu da kansa bayan haihuwa, rana ce ke ƙara shi, ƙwayar tazarar haihuwa ma takan tayar wa wasu. Ta riƙe lema, ta bar fuskarta ta huta, in ya ƙi tafiya ta ga likita. Ta ce to. Ban san ko ta ji ba.

A adaidaita Auta ta tambaye ni ko gobe ta tafi Islamiyya da kofinta. Na ce a'a, da wanda kowa ke sha za ta sha.

An ɗauke wuta. Wankin makaranta na nan ban taɓa ba.

Baban su ya ce in je in ba Goggo haƙuri, wai na amsa mata a cikin taro. Gaisuwa zan je, da takardar asibitin a jaka, kuma da Auta za mu tafi.